Toka-toka mai sirkin shunayya: me ya sa yake rikiɗa idan ya hau bango?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan gida. Tambayata ga masu fenti da masu adon ɗaki. Wannan launin da ake yayi, toka-toka mai ɗan sirkin shunayya da ruwan hoda, wanda ba ya ihu: me ya sa a jikin katin samfurin launi na kamfanin fenti yake fitowa a natse, amma da ya hau bango sai ya koma ko dai shunayya sosai ko toka zalla? Ɗakin da za a yi wa mita 4 ne da 4, tsayin bango mita 3, ƙofa ɗaya, taga ɗaya mai kallon yamma, tayil ɗin ƙasa ruwan madara. Lita nawa zai ci, kuma me za a kiyaye kafin a saya?

OgaRola:
Wa alaikumus salam Hajiya. Bari in fara da lissafi tunda shi ne mai sauƙi. Kewayen ɗakin mita 16, a ninka da tsayi 3, ya ba da murabba'in mita 48. A cire ƙofa da taga, a ce saura 45. Shafa biyu za a yi, ke nan 90. Fentin ruwa mai kyau, lita ɗaya tana cin murabba'in mita 10 zuwa 12 a bango mai santsi, don haka lita 9 ta isa, a ƙara ɗaya saboda abin da rola da tire ke sha da kuma na ajiya. Lita 10 ke nan, ban da silin, ban da firaima, wato fentin share fage da ake fara shafawa kafin launi. Idan bangon mai kaushi ne, lita ba za ta wuce murabba'in mita 6 zuwa 8 ba, sai a tanadi 13 zuwa 16.

Zee_Launi:
Lissafin Oga daidai ne. Batun rikiɗa kuma, wannan launi hawainiya ne, kuma dalilin a fili yake: launin da ke cikinsa kaɗan ne, mafi yawansa fari ne da toka. Ɗan jan da ɗan shuɗin da ke ciki suna kan ma'auni ne, abu kaɗan ke rinjayar da ɗaya kan ɗaya. Abubuwa uku ke yin wannan rinjaye.

Na farko girma. Katin kamfani bai kai tafin hannu ba, kuma farar takarda ce ta kewaye shi. Idan launin ya rufe bango huɗu, kowane bango yana jefa wa ɗan'uwansa hasken da ya riga ya ɗauki launi, sai shunayyar ta ninku, musamman a kusurwa. Na biyu maƙwabta. Ido yana tura kowane launi zuwa kishiyar abin da ke gefensa, kishiyar rawaya kuwa shunayya ce. Wani masanin kimiyya Bafaranshe, Chevreul, ya yi bayanin wannan tun 1839. To tayil ɗinki ruwan madara ne, wato akwai rawaya a cikinsa, shi kansa zai sa bangon ya fi katin shunayya. Na uku haske, wannan na bar wa masu lantarki.

Wayarin_Nura:
An kira mu. Ku duba jikin kwalin ƙwan lantarki, akwai lamba mai K a ƙarshe. 2700K haske ne mai ja-ja, shuɗin cikinsa kaɗan ne. Fenti ba ya ƙirƙirar launi, abin da haske ya kawo masa yake mayarwa, saboda haka a ƙarƙashin 2700K shuɗin fentin zai mutu, bangon ya koma ruwan ƙasa mai hoda-hoda. 6500K kuma fari ne fat mai shuɗi-shuɗi, shi ke kashe jan ya bar toka mai sanyi ko shunayya mai haske. Tsakanin 3000K da 4000K ne launin ke zama kusa da yadda aka zaɓe shi.

Akwai lamba ta biyu da mutane ba sa dubawa, CRI. Ita ke nuna yadda ƙwan ke fito da launuka yadda suke, mafi girma 100. Yawancin ƙwayaye na gama-gari 80 ne, kuma inda suka fi rauni shi ne wajen ja. Ga wannan fenti a nemi 90 zuwa sama. Kuma kada a haɗa ƙwai iri biyu a ɗaki ɗaya, bango zai rabu gida biyu.

Abu_Yasir:
3000K ko 4000K? Ku tsayar mana da ɗaya.

Wayarin_Nura:
Ɗakin kwana da falo 3000K. Wurin aiki ko karatu 4000K.

Zee_Launi:
Ni a ɗakin da Maman Ilham ta kwatanta 4000K zan zaɓa, ko 3500K in an samu. Tagar yamma ce, daga la'asar zuwa faɗuwar rana hasken da ke shigowa ja ne, ga tayil mai rawaya. In aka ƙara 3000K da dare, ɗakin ba zai taɓa nuna tokarsa ba, kullum hoda za a riƙa gani.

Wayarin_Nura:
Hajiya Zee, da dare ai babu tagar yamma. 4000K a ɗakin kwana yana hana ido hutawa. A gyara daga wajen zaɓen fenti, a ɗauki wanda ya fi karkata ga toka, a bar ƙwai a 3000K.

Magini_Bala:
Kuna ta maganar launi ba wanda ya tambayi bangon. Hajiya, sabon shafe ne ko tsohon fenti ne a kai? Amsar tana canza komai.

Maman_Ilham:
Bango uku tsohon fenti ne fari, ɗaya kuma sabon shafen siminti ne.

Magini_Bala:
To wannan ɗayan shi ne abin tsoro. Sabon siminti yana da kaifin sinadari irin na farar ƙasa, ga danshi a cikinsa. A ba shi aƙalla kwana 28, in lokacin danshi ne ma ya fi haka. Gwaji mai sauƙi: a manna leda mai faɗin santimita 40 da 40 a jikin bangon, a rufe gefunanta huɗu da tef, a bar ta kwana guda. In an ga raɓa a ciki ko simintin ya yi duhu a wurin, bai bushe ba.

In aka yi gaggawa, abu biyu ke faruwa. Farin gishiri ya fito ya ture fentin, ko kuma kaifin simintin ya cinye jan da ke cikin launin ɗigo-ɗigo, sai a ga wani wuri toka mai shuɗi wani wuri hoda. A launi mai ƙarfi ba a cika lura da wuri ba, a wannan kuwa nan take ido ke kamawa. Bayan ya bushe a kankare gishirin da busasshen buroshi, ba da ruwa ba, domin ruwa mayar da shi ciki yake yi. Sannan a shafa firaima mai jure siminti, shafa ɗaya. Lita ɗaya da rabi ta ishi bango mai murabba'in mita 12.

OgaRola:
Ƙari a kan maganar Malam Bala: kada a yi wa sabon bangon firaima a bar sauran ukun haka nan ba tare da an duba ba. Bangon da ke shan fenti da wanda ba ya sha ba sa fito da launi iri ɗaya, ko daga bokiti ɗaya aka ɗebo. Haka duk inda aka cike rami da foti, a goge da samfefa mai lamba 120 sannan 180, a share ƙurar, a ɗiga masa firaima. In ba haka ba wurin zai fito kamar tabo idan hasken yamma ya bugi bangon a kaikaice.

Sai a gwada tsohon fentin. A jiƙa auduga da sifirit a goga. In fenti ya biyo audugar, na ruwa ne, a wanke a shafa sabo. In bai biyo ba, na mai ne, kuma fentin ruwa ba ya kama shi, zai saluɓe. Sai an kashe sheƙinsa da samfefa an sa firaima mai kama santsi.

Dakta_Mims:
Taka tsantsan a nan. Tsohon fentin mai yana iya ɗauke da dalma, kuma ƙurarta guba ce, ta fi illa ga yara da masu ciki. In ba a san asalin fentin ba kada a goge shi a bushe ko da inji. A jiƙa samfefar, a sa takunkumi, a goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma, yara su bar wurin sai an gama.

Sadiq_DIY:
Ni ina ganin duk wannan wahalar zaɓe ba ta da amfani. A sayi farin fenti, a zuba ja kaɗan, shuɗi kaɗan, baƙi kaɗan, a juya har ya yi yadda ake so.

OgaRola:
Malam Sadiq, a launi irin wannan haɗin ido shi ne hanya mafi sauri ta ɓata lita 10. Fentin ruwa yana ƙara duhu idan ya bushe, domin ƙaron da ke cikinsa fari-fari ne a jiƙe, sai ya bushe yake washewa. Abin da ka gani a bokiti ba shi za ka gani a bango ba. Kuma ranar da fenti ya ƙare saura rabin bango, ba za ka iya maimaita haɗin ba.

Injiniya_SB:
Ana iya haɗawa da hannu, amma da awo. A ɗebi mililita 100 na farin fenti a kofi, a riƙa ɗiga launi da sirinji, ana rubuta kowane ɗigo. A shafa a kwali, a busar, sannan a yanke hukunci. In ya yi, a ninka lissafin sau 100 don lita 10.

Sinadaran ma akwai zaɓi. Jan da aka yi da tsatsar ƙarfe ya fi dacewa, domin dama a dushe yake, yana jure rana, yana jure siminti. Wasu jajaye masu haske sun fi saurin koɗewa, kuma idan ja ya koɗe shuɗi ya tsaya, bangon da rana ke duka zai koma toka mai shuɗi alhali bayan kabad yana nan yadda yake. Abu na biyu, kada a dogara da baƙi kaɗai wajen dusashe launin. Baƙi a cikin fari toka mai shuɗi-shuɗi yake bayarwa, sai ya ƙara sanyaya haɗin. Ɗan ruwan ƙasa mai duhu ko ɗigon rawaya ya fi kashe kaifin shunayya ba tare da ya sanyaya ta ba. Kuma kowane fenti yana da iyakar launin da zai iya ɗauka, yana rubuce a jikin robar. In aka wuce, fentin ya daɗe bai bushe ba, kuma ya riƙa bin hannu.

Duk da haka injin haɗa launi ya fi. A tabbatar an karɓi lambar haɗin a rubuce.

Ummu_Khalil:
Matsalar ita ce kowane kamfani da sunan da yake ba shi. Ta yaya mutum zai faɗi abin da yake so a gane?

Injiniya_SB:
Da lamba, Hajiya. Akwai tsarin NCS na ƙasar Suwidin. Misali S 3010-R30B: 30 na farko yawan baƙi ne, 10 ƙarfin launi, R30B kuma ja ne mai kashi 30 na shuɗi. Wannan lamba ta biyu ita ce ta fi muhimmanci a nan. 05 kusan toka ne, 10 shi ne natsattsen da ake magana, 20 kuwa shunayya ce a fili idan ta cika ɗaki. In ana son ya fi ɗumi a sauko R20B ko R10B, in ana son ya fi sanyi a hau R40B ko R50B. A tsarin RAL na Jamus, RAL 4009 yana cikin wannan dangi, sai dai yana da ɗan duhu, ya fi dacewa da ƙofa, kabad ko bango ɗaya.

Sai lambar LRV da ake bugawa a bayan kati, daga 0 zuwa 100, tana nuna yawan hasken da fentin ke mayarwa. Ɗaki mai taga ɗaya, ni ba zan sauka ƙasa da 50 ba in bango huɗu za a shafa. Tsakanin 30 da 40 yana da kyau ƙwarai amma yana cin haske, sai an ƙara fitilu.

Dattijo77:
Abin sha'awa, kakan wannan launi ba a bango ya fara ba, a tufafi ne. A 1856 wani matashi a Ingila, William Perkin, yana ɗan shekara 18, yana ƙoƙarin haɗa maganin zazzaɓin cizon sauro, kwinin, sai ya samu rini mai shunayya. Shi ne ya buɗe ƙofar rinin da ake haɗawa a masana'anta. Nasa mai kaifi ne sosai, ba irin wannan dusasshen ba.

Abu_Yasir:
Baba mun ƙaru. Amma Hajiya har yanzu ba a faɗa mata yadda za ta gwada ba.

Zee_Launi:
Ga shi. A zaɓi uku: wanda ido ya so a kati, da wanda ya fi shi toka da mataki ɗaya, da wanda ya fi shi haske da mataki ɗaya. A sayi ƙaramin gwangwani na kowanne. Kada a shafa su a jikin bango jere da juna, domin za su rinjayi juna, farin bangon kuma zai sa duk su yi kamar sun fi duhu. A samu kwali ko falanki mai santimita 50 da 50, a yi masa shafa biyu har baki, ya bushe sosai. A jingina shi a ƙasa yana taɓa tayil, sannan kusa da taga, sannan a kusurwar da ta fi duhu, sannan bayan kujera ko gado. A duba da safe, da azahar, da la'asar sakaliya, da dare da ƙwan da za a zauna da shi, kwana biyu ko uku. Ɗaya bayan ɗaya, ba tare ba.

Sau da yawa wanda ya yi kamar ya cika toka a kati shi ke cin gasa. Hoton waya kuma ba shaida ba ne, kyamara gyara launi take yi da kanta.

Sadiq_DIY:
In ya yi duhu ai sai a ce a haɗa rabin ƙarfinsa.

Injiniya_SB:
Rabin ƙarfi sabon launi ne, shi ma sai an gwada shi a kwali. Rage sinadaran da rabi ba ya rage duhu da rabi, kuma sau da yawa tokar ce ke fara janyewa, hodar ta fito fili.

Hajiya_Adon_Gida:
Bari in shigo da kayan ɗaki, tunda rabin rikiɗar daga nan take. Abin da ke tafiya da shi: fari mai laushi, toka mai duhu irin ta gawayi, shuɗi mai duhu, kore dusasshe irin na ganyen zaitun, katako mai duhu, da ƙarfe ruwan tagulla ko baƙi marar sheƙi. Koren yana fito da hodar cikinsa, don haka kaɗan ake sawa, a filo ko tukunyar shuka. Abin da ke faɗa da shi: katako mai ruwan lemo, labule rawaya, da ja mai kaifi. Kusa da su bangon kan yi kamar ya yi datti.

In bayan an gama an ga shunayyar ta yi yawa, akwai dabara kafin a sake fenti: a sa abu ɗaya mai shunayya ta gaske, mai duhu, kamar filo biyu ko ƙaramin kafet. Ido zai kwatanta, bangon ya koma toka. Kuma babban kafet mai toka ko fari-fari da zai rufe yawancin tayil ɗin Maman Ilham zai rage rawayar da ke tasowa daga ƙasa.

Labule marar kauri shi ma tace haske yake yi. Mai ruwan madara zai ɗumama ɗakin duka, fari tas zai bar launin yadda yake.

Ummu_Khalil:
Silin da ƙofa fa? Fari tas?

Hajiya_Adon_Gida:
Fari mai ɗan toka ko ɗan ɗumi kaɗan. Fari mai shuɗi yana sa bangon ya yi hoda, ruwan madara sosai kuma yana sa shi shunayya.

OgaRola:
A ƙofa da firam a guji farin fentin mai in ana iyawa. Yana komawa rawaya da daɗewa, ya fi sauri ma a inda rana ba ta kaiwa, kuma rawaya kusa da wannan launi kun ji abin da take yi. Akwai mai sheƙi na ruwa, shi ba ya yin haka.

Bangon kansa marar sheƙi za a sa, irin wanda ake iya gogewa. Mai sheƙi yana ƙara wa launi ƙarfi, kuma da tagar yamma duk wani tudu da kwari na shafe zai fito. Mai ɗan sheƙi, wanda ake kira satin, sai a kicin, banɗaki ko hanyar wucewa.

Ranar aiki: in robobi biyu ne, a juye su a babban bokiti ɗaya a juya sosai, ko da lambarsu ɗaya ce. Ruwa kada ya wuce kashi 10 cikin 100, kuma awo ɗaya a duka shafa biyun. Rola mai gashi milimita 10 zuwa 12 a bango mai santsi. A shafa gefuna da buroshi a bi da rola nan take tun bai bushe ba, bango ɗaya bayan ɗaya. In aka shafa gefen ɗakin duka da buroshi sannan aka dawo da rola, za a ga zobe mai duhu ya kewaye kowane bango. Kada a tsaya a tsakiyar bango, a kai kusurwa. Awa 2 zuwa 4 tsakanin shafa, ko abin da robar ta ce. A kashe fanka mai bugun bango kai tsaye, tana busar da bakin fentin kafin a haɗe shi. Wanki kuma sai bayan mako 2 zuwa 4, lokacin ya gama ƙarfi.

Maman_Ilham:
Allah Ya saka da alheri, na rubuta duka. Saura abu ɗaya: bango huɗun za a shafa ko ɗaya kawai a bar sauran fari?

Zee_Launi:
Huɗu. Launi ne mai sanyin hali, in aka ba shi bango ɗaya tsakanin farare uku sai ya yi kamar farin da ya dushe. Kyansa yana fitowa ne idan ya lulluɓe ɗakin. A ɗauki mai LRV 55 zuwa 60, ƙarfin launi 05 ko 10.

Hajiya_Adon_Gida:
Ban yarda duka ba. Bango ɗaya yana yi in aka sauko da duhunsa sosai, irin RAL 4009 da Injiniya ya ambata, a bayan gado, sauran ukun kuma fari mai ɗan toka, ba fari tas ba. Amma kada ya zama bangon da tagar take, domin bangon taga kullum a inuwa yake, launin ba zai fito ba. Kuma bangon gabas, mai fuskantar tagar, shi zai sha jan hasken yamma, a can zai fi yin hoda.

Magini_Bala:
In bango ɗaya za a yi, kada ya zama na sabon shafen sai ya cika kwanakinsa. Fari ya fi yafe wa sabon siminti.

Injiniya_SB:
In aka bi shawarar Hajiya Adon Gida lissafin Oga ya canza: bango ɗaya murabba'in mita 12 ne, shafa biyu 24, lita 2 da rabi zuwa 3. Launi mai duhu a kan fari wani lokaci yana neman shafa ta uku, sai dai in an ɗan rina firaimar da toka. Ragowar a zuba a ƙaramar roba mai murfi yadda iska ba za ta yi yawa a ciki ba, a rubuta lambar haɗi a jiki. Gyaran tabo da ƙaramar rola irin ta farko ake yi, ba da buroshi ba, domin bambancin zanen saman kaɗai yana sa wurin ya fito daban.

Wayarin_Nura:
Ko huɗu ko ɗaya, a ɗaura ƙwayayen kafin a gwada kwalayen. Kuma har yanzu ina kan 3000K.

Zee_Launi:
Maman Ilham ta sayi ƙwai ɗaya na kowanne ta gwada da kwalin, Malam Nura. Ta dawo ta faɗa mana wanda ya fi dacewa da tayil ɗin.